Tsokaci a Kan Koya wa Ƙaramin Yaro Karatun Hausa

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibi a wannan Sashe wanda ba a taɓa danƙa masa yaro a gida, aka ce ya koya masa karatu ba. Da zarar an yi hutu ya koma garinsu, sai a turo masa ƙani ko ɗan 'yar'uwa ko ɗan maƙwabci, a ce ai shi ne ɗan jami'a. Galibi akan ɗauki wannan aiki abu ne mai sauƙi, wanda duk mai iya karanta jarida zai iya yi. Amma wanda ya zauna da yaro ɗan shekara shida na tsawon watanni, yana kallon yadda yake kokawa da baƙi da wasali, ya san al'amarin ya wuce nan.

Batun kuwa ba ƙarami ba ne. A rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a shekarar 2022, an ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba su iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Da yawa daga cikin yaran nan suna zuwa makaranta, suna da littafi da fensir. Ke nan zama a aji kaɗai ba ya ba yaro karatu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da karatu yake nufi ga mai koyo, da irin gatan da rubutun Hausa ya yi wa yaro, da wuraren da yakan yi tuntuɓe, sa'an nan da abin da ya kamaci mai koyarwa. An gina ta a kan abin da na lura da shi wajen koyar da yaro ɗaya a gida, tare da abin da masana suka gano.

2.0 Mene ne Karatu?

A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka nuna cewa karatu yana tsaye ne a kan ƙafa biyu. Ta farko ita ce iya mai da rubutu zuwa sauti, wato abin da mu muke kira haɗa baƙi. Ta biyu ita ce fahimtar magana idan an faɗe ta. In ɗaya ta karye, karatu ya faɗi. Yaron da ya iya haɗa baƙi amma bai san harshen ba, zai furta kalmomi bai san abin da suke cewa ba. Wanda kuma ya san harshen amma bai iya haɗa baƙi ba, sai ya koma cinta da zato.

Bahaushen yaro ɗan shekara shida ya riga ya mallaki ƙafa ta biyu in dai da Hausa ne. Ya san kalmomi masu ɗimbin yawa, ya iya tsara jimla, ya iya ba da tatsuniya, har ya iya gardama. Abin da ya rage masa shi ne ta farko. In kuwa aka fara masa da Ingilishi wanda bai taɓa ji a gida ba, to an nemi ya tsai da ƙafafun biyu a lokaci guda.

Akwai wani abu mai kama da karatu wanda yakan yaudari iyaye da malamai, shi ne hadda. Ƙwaƙwalwar yaro tana da saurin kamu. In aka biya masa shafi sau uku ko huɗu, sai ya riƙe shi tsaf, ya riƙa rera shi yana jan yatsa a kan layi, kowa ya ce ya iya. Hanyar gane gaskiya ba ta da wuya. A rufe hoton da ke shafin, a nuna masa kalma daga ƙarshen layi a dawo farko, ko a rubuta masa sabuwar kalma da baƙaƙen da aka ce ya sani. Yaron da ya rera shafi guda ba gargada amma ya kasa karanta kalmar nama a bayan kwali, bai fara karatu ba tukuna. Hadda tana da nata muhimmin gurbi, amma ita da karatu kowa da aikinsa.

3.0 Gatan da Rubutun Hausa ya yi wa Yaro

Rubutun boko da muke amfani da shi ya sha gyara kafin ya kai yadda yake. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. A shekarun 1930 aka shigo da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, da na Yamai a 1980, duk don daidaita rubutu. Abin da wannan aiki ya haifar shi ne rubutun da, a mafi yawan lokaci, kowane baƙi yake da sautinsa guda wanda ba ya canzawa. Baƙin c a Hausa sautinsa ɗaya ne ko'ina, a ci da a cokali da a mace. A Ingilishi kuwa wani lokaci ya yi ƙarar k, wani lokaci ta s.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan saurin koyo. A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa suka kwatanta masu koyon karatu a harsuna 13 na Turai. Suka tarar cewa a yawancin harsunan da rubutunsu yake bin furuci, kamar na Finlan da Italiya, yara sukan iya karanta sauƙaƙan kalmomi daidai kafin ƙarshen shekararsu ta farko a makaranta, alhali masu koyon Ingilishi sukan ɗauki fiye da ninki biyu na wannan lokaci. Ta fuskar dangantakar baƙi da sauti, Hausa ta fi kusa da kashin farko.

Gata na biyu shi ne tsarin gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba a samun cunkoson baƙaƙe a farkon gaɓa. Saboda haka da baƙaƙe kaɗan ake iya gina magana mai ma'ana. Alal misali, da wasula biyu, a da u, da baƙaƙe biyar, b, k, m, n, t, yaro zai iya karanta “Kaka ta ba mu nama” da “Ba mu kama kunama ba.” Ke nan ba sai ya gama haddace abacada duka ba kafin ya ɗanɗani daɗin karanta jimla.

4.0 Matakan Koyarwa

Mataki na farko na kunne ne, ba a buƙatar littafi. Kafin yaro ya gane cewa baƙi yana wakiltar sauti, sai ya fara gane cewa kalma tana rarrabuwa. A sa shi ya tafa hannu a kan gaɓoɓin sunansa da na 'yan gidansu: A-mi-na tafi uku, Bel-lo tafi biyu. A tambaye shi abubuwan da ke cikin ɗaki waɗanda suka fara kamar yadda madara ta fara, ya kawo madubi da matashi da maburgi. Kacici-kacici da wasannin karya harshe da yara suke yi a dandali duk suna wasa wannan kunne.

Mataki na biyu shi ne wasula biyar, a, e, i, o, u, sa'an nan baƙaƙe kaɗan-kaɗan, ana farawa da waɗanda suka fi yawa a magana, kuma ana ba yaro sautin baƙin. Na uku shi ne haɗawa: ma, mi, mu, sa'an nan ma da ma su ba da mama. Nan ne gadar da yara da yawa sukan daɗe a bakinta. Yaro yakan san m, ya san a, amma ya kasa narkar da su su zama ma. Abin da ya fi taimakawa shi ne a fara da baƙaƙen da ake iya jan sautinsu, kamar m da n da s, a ja sautin har ya zarce cikin wasalin ba tare da an yanke numfashi ba. Ran da yaro ya haye wannan gada, sai a ga yana neman rubutu ko'ina, a jikin gwangwanin madara, a bayan mota, a allon shago.

Mataki na huɗu shi ne rubutu, kuma ba a jinkirta shi. Baƙin da yaro ya zana da yatsa a ƙasa yana furta shi, ya fi zama a ransa bisa wanda ya gani da ido kawai. Shifta ta kalma biyu ko uku a ƙarshen kowane zama takan nuna wa mai koyarwa inda ake da rauni.

Mai lura zai ga cewa wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, inda yake koyon baƙaƙe da sunayen da aka raɗa musu na Hausa, irin su alu da ambaki da hakuri, sa'an nan ya shiga farfaru, inda ake ɗora musu wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. Wato daga baƙi zuwa gaɓa zuwa kalma. Turawa sun daɗe suna gardama a kan ko a fara da sauti ko da cikakkiyar kalma, har Jeanne Chall ta rubuta littafi a kan wannan gardama a 1967, wani kwamiti na ƙasa a Amurka kuma ya ƙarfafa koyar da sauti bi-da-bi a rahotonsa na 2000. Malaman allo sun daɗe a kan wannan hanya. Don haka yaron da ya yi farfaru ya zo da jari, ya riga ya san cewa alama tana da sauti, kuma sauti yana haɗuwa. Abin da zai saba da shi kawai shi ne boko daga hagu yake tafiya zuwa dama.

5.0 Wuraren Tuntuɓe

5.1 Sunayen baƙaƙen Ingilishi. Yara da yawa sukan zo da waƙar “ei, bi, si” a baki. Wannan takan kawo ruɗani, domin abin da Ingilishi yake kira “i” shi ne e na Hausa, abin da yake kira “ai” shi ne i, abin da yake kira “ei” kuma shi ne a. In aka rubuta wa irin wannan yaro ci, sai ya ce “si, ai”, ya tsaya yana kallon malami. Ba a hana shi waƙarsa, amma a fayyace masa cewa wancan suna ne na wani harshe, a Hausa kuwa ga abin da baƙin yake cewa.

5.2 Baƙaƙe masu kama. Duk mai koyon boko yakan rikita b da d. Masanin ƙwaƙwalwa na Faransa, Stanislas Dehaene, ya bayyana a littafinsa na 2007 cewa idon ɗan Adam ya saba ɗaukar abu a matsayin abu guda ko ina ya fuskanta. Buta dai buta ce, ko bakinta na kallon gabas ko yamma. Sai a rubutu ne juyawa take canza ma'ana, kuma yaro yana buƙatar lokaci kafin ya saba. Saboda haka wannan rikici a farkon koyo ba alamar daƙiƙanci ba ce. Bahaushen yaro kuwa huɗu ne a gabansa: b, d, ɓ, ɗ. Dabara ita ce kada a koyar da su a mako guda, sai ɗaya ya zauna a kawo ɗaya. Ƙugiya kuma a nuna masa aikinta da kalmomin da ya sani: baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, gada da gaɗa. Yaron da ya yi dariyar bambancin kare da ƙare ba zai ƙara raina ƙugiya ba.

5.3 Baƙaƙe masu goyo da hamza. Sh, ts, ky, gy, ƙy, kw, gw, ƙw da fy, kowanne baƙi biyu ne a ido amma sauti ɗaya ne a baki. In ba a gaya wa yaro haka ba, sai ya karanta tsaka ya ce ta-sa-ka. A koya masa su a matsayin baƙi guda, kowanne da ranarsa. Haka hamza a cikin sa'a da jama'a, da 'y a cikin 'ya'ya, wanda a Nijar ake rubuta shi ƴ.

5.4 Rufaffiyar gaɓa. Yaron da ya saba da ba, bi, bu yakan so ya ba kowane baƙi wasali. Sai kanti ya koma ka-na-ti. A wajen baƙi mai maimaituwa kuma sai ya yar da ɗaya, dabba ta koma daba, kalla ta koma kala. Wanda ya yi allo, da an ce masa ɗauri ne sai ya gane. Wanda bai yi ba, a bi da shi daga ka zuwa kan zuwa kanti.

5.5 Tsawon wasali da karin sauti. Nan ne gatan rubutun Hausa ya tsaya. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna dogon wasali da gajere, ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma bambanta ra-kaɗe da ra-gare. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Kuka na hawaye da kuka ta miya da kuka na “abin da kuka yi” duk ɗaya. Jimlar “Na ce ya tafi” tana iya nufin mutumin ya riga ya tafi, tana kuma iya nufin umurni ne aka ba shi. Ke nan haɗa baƙi yana kai yaro bakin ƙofar kalma ne, sai ma'anar jimla ta buɗe masa.

A nan na lura da wani abu mai amfani ga mai koyarwa. Da yake rubutu bai nuna kari ba, karin da yaro ya ɗora wa kalma yakan tona ko yana fahimtar abin da yake karantawa. Yaron da nake koya wa ya taɓa karanta “Inna ta kaɗa miyar kuka” da karin kukan hawaye. Da na ce masa, “Haka Inna take faɗa a gida?” sai ya yi shiru, ya sake duba layin, ya ce, “Au, Yaya, kukar miya ce!” Wannan tambaya guda ta fi a gyara masa kalmar sau goma, domin tana koya masa ya riƙa sauraron kansa. Mai karatun Hausa da ƙarfi ba ya iya ɓoye rashin fahimta, in dai mai sauraronsa yana da kunne.

5.6 Karin harshe. Littafi da daidaitacciyar Hausa ake rubuta shi, yaro kuwa da Hausar gidansu yake zuwa. Basakkwacen yaro yana cewa tahi da zamna da biyat, littafi yana cewa tafi da zauna da biyar. Ko Bakano ma yana cewa “gidam Bala” da “rigas sarki”, alhali gidan Bala da rigar sarki ake rubutawa. In yaro ya ga tafi ya ce tahi, ya karanta ke nan, har ma ya fahimta. Kada a ce masa Hausarsa ba daidai ba ce. A ce masa haka ake faɗa a gida, ga kuma yadda ake rubutawa.

6.0 Halin Mai Koyarwa

Minti goma sha biyar zuwa ashirin a kullum sun fi awa biyu ranar Asabar, domin hankalin ƙaramin yaro ba ya daɗewa a wuri ɗaya, abin da aka bari mako guda kuma yakan zube. A tashi tun yaro bai gaji ba, a kuma rufe da abin da ya iya, don ya tashi da nasara a ransa.

Abu mafi wuya ga babba shi ne yin shiru. In yaro ya tsaya a kan kalma, bakin mai koyarwa yakan yi ƙaiƙayin faɗa masa. In aka saba masa da haka, sai ya koyi kallon fuskar malami maimakon kallon takarda. A ba shi ɗan lokaci. In ya kasa, a nuna masa gaɓar farko, a bar masa sauran. In ya yi kuskure ya gyara da kansa, a yaba wa gyaran, don shi ne alamar mai karatu na gaske.

Bulala da tsawa kuwa, abin da suke koya wa yaro shi ne gudun kuskure, mai gudun kuskure kuma ba ya gwada sabuwar kalma. Sai ya fake a hadda, ko ya yi gum. A 1986 Keith Stanovich ya nuna yadda ƙaramin rata a farkon karatu yake zama babba: wanda ya iya yana jin daɗi, yana ƙara karantawa, yana ƙara iyawa, wanda ya sha wuya kuma yana gudun littafi, yana ƙara zama baya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai a tuna ɗanyen icce ma yana karyewa in aka matsa masa.

7.0 Abin Karantawa da Batun Harshe

Wanda ya iya haɗa baƙi yana buƙatar abin da zai karanta. Iyayenmu sun tashi da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, kafin su kai ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A shekarun baya-bayan nan an yi shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato. Duk da haka gidaje da yawa ba su da ko littafin yara guda na Hausa. Mai koyarwa yana iya cike wannan giɓi da hannunsa. Ya sa yaro ya ba shi labarin akuyarsu ko na zuwa kasuwa, ya rubuta shi da manyan haruffa cikin jimla huɗu ko biyar, ya miƙa masa ya karanta. Ya kuma riƙa karanta masa labaran da suka fi ƙarfinsa, yana tsayawa yana tambayarsa me yake zato zai faru, domin ƙafa ta biyu ita ma tana son abinci.

Wasu iyaye sukan ji tsoron kada karatun Hausa ya tauye wa yaro Ingilishi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Ingilishi a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su koma baya a Ingilishi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara da harshen uwa ko na yankin da yaro yake. A 2022 aka faɗaɗa wannan zuwa shekaru shida na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi na Tarayya ya sanar da soke shi da komawa ga Ingilishi. Ko yaya manufa ta juya, gano cewa alama tana da sauti abu ne da yaro yake yi sau ɗaya a rayuwarsa, kuma ya fi saurin gano shi a harshen da yake mafarki da shi. In ya gano, zai ɗauke shi ya shiga kowane harshe. Wannan juyi ma ƙara nauyi ya yi a kan gida.

8.0 Kammalawa

An ga cewa karatu haɗa baƙi ne da fahimta, kuma hadda ba ta maye gurbinsu. An ga rubutun Hausa ya sauƙaƙa wa yaro ta fuskar baƙi da gaɓa, ya bar masa aiki ta fuskar tsawon wasali da karin sauti. Duk waɗannan abubuwa ne da muke nazarinsu a darussan tsarin sauti da ƙa'idojin rubutu, sau da yawa don cin jarrabawa kawai. Ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara, duk wanda aka ba shi yaro, ya ajiye ɗan littafi yana rubuta irin kurakuran da yaron yake yi, da karin harshen gidansu, da tsawon lokacin da kowane mataki ya ɗauka. In aka tara irin wannan daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Damagaram, malamanmu za su sami abin da za su gina bincike a kansa, masu rubuta littattafan yara kuma su san wane baƙi ya kamata ya riga wane. Kafin nan, kowane ɗayanmu yana da yaro guda a gida wanda minti ashirin a rana za su iya fitar da shi daga cikin kashi saba'in ɗin nan.